Tambutu: Tarihin Ƙaramin Gari Da Ya Riƙe Amanar Littattafansa Da Ƙubbobin Waliyyansa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya malamai fitilun garuruwa, Ya hore wa bayinSa alƙalami domin ya tsare musu abin da zukata ke mantawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, wannan taƙaitaccen bayani ne a kan garin Tambutu, wanda gidajen rediyo ke kira Timbuktu, da yadda mutanensa suka tsare gadon magabatansu tun daga zamanin da suke da mulki da dukiya har zuwa zamanin da babu abin da ya rage a hannunsu sai takardu da ƙasa. Garin yana arewacin ƙasar Mali, a bakin Sahara, kimanin kilomita 15 daga Kogin Kwara. Duk girman sunansa a duniya, ƙidayar da aka yi a 2009 ta sami mutanensa ba su wuce 55,000 ba. Wanda ya shige shi yana tsammanin birni irin Alƙahira, abin da zai tarar shi ne gidajen ƙasa da na farin dutse, da lunguna cike da rairayi, da masallatai uku waɗanda aka gina da laka. Sai dai abin da ke cikin akwatunan waɗannan gidaje shi ne ya sa sarakuna da shugabannin ƙasashe suka yi ta tattaki zuwa can.

Asalin gadon

Malam Abdurrahman Assa'adi, mai littafin Tarikhus Sudan, ya ambata cewa Abzinawa ne suka kafa garin a ƙarshen ƙarni na biyar na Hijira, wato wajen shekara ta 1100 Miladiyya, yana zangon da ayarin gishiri daga hamada ke haɗuwa da jiragen hatsi da zinariya daga kogi. Babban masallacin Jingarebar ana danganta gininsa ga Sarkin Mali Mansa Musa bayan dawowarsa daga hajjin 1324. Masallacin Sankore shi ne matattarar malamai, na ukun kuwa yana ɗauke da sunan limaminsa, waliyyin Allah Sidi Yahaya Attadallisi, wanda ya rasu a 866 Hijiriyya. Alƙalin garin, Malam Aƙibu ɗan Mahmudu, wanda ya rasu a 991 (1583), ya sake gina waɗannan masallatai ya faɗaɗa su, kuma mafi yawan siffar da ake gani yanzu daga aikinsa ta samo tushe.

Ba jami'a ba ce mai shugaba da ajujuwa kamar yadda wasu marubutan zamani ke sifantawa. Karatun zaure ne wanda kowane almajiri ya sani: malami yana zaune a gidansa ko a shirayin masallaci, ɗalibi ya zo da littafinsa ya biya, idan ya sauke a rubuta masa ijaza da silsilar waɗanda aka karɓo littafin daga gare su. Ana karanta Risala da Muhtasar na Halilu da Muwaɗɗa, a watan azumi a karanta Ashafa ta Alƙali Iyali a Sankore, a lokacin Mauludi a rera Ishiriniya. Wannan shi ya sa littattafan suka kasance a hannun gidaje, kowane gida da taskarsa, uba ya bar wa ɗa. Matafiyin nan Hasanul Wazzan, da ya ziyarci garin a farkon ƙarni na 16, ya ba da labarin cewa ribar da ake ci a cinikin littafi a kasuwar Tambutu ta fi ta sauran hajoji.

Zumuncin da ke tsakanin wannan gari da ƙasar Hausa daɗaɗɗe ne. Alhaji Ahmadu ɗan Umaru Aƙit, kakan Shehu Ahmad Baba, ya sauka Kano a kan hanyarsa ta dawowa daga hajji a ƙarshen ƙarni na 15, ya karantar a cikinta. Malam Makhlufu Albilbali ya karantar a Kano da Katsina. Malam Aida Ahmad Attazakhti ya zauna Katsina har ya yi alƙalancinta, ya rasu a 936 Hijiriyya. Da yawa daga abin da aka sani game da waɗannan bayin Allah, daga alƙalamin malaman Tambutu aka samo shi, musamman littafin Nailul Ibtihaj na Ahmad Baba, wanda ya tattara tarihin malaman Malikiyya a cikinsa.

Jarrabawa ta farko

A shekara ta 999 Hijiriyya (1591) rundunar Sarkin Maroko Ahmad Almansur ta ƙetare hamada da bindigogi, ta karya daular Songai a yaƙin Tondibi, ta shiga Tambutu. Bayan shekara biyu aka kama manyan malaman gidan Aƙit, aka wawashe gidajensu, sa'an nan aka tafi da su Marakish cikin sarƙa. Shehu Ahmad Baba, wanda aka haifa a 963 (1556), yana cikinsu. An ruwaito cewa ya shaida wa sarkin cewa littattafai 1,600 aka kwashe masa, alhali kuwa taskarsa ita ce mafi ƙanƙanta a cikin danginsa. Ya zauna a Marakish yana karantarwa da ba da fatawa, manyan malaman Magrib suna durƙusawa a gabansa, har aka ba shi izinin komawa gida a 1608. A cikin fatawarsa Mi'irajus Su'ud ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Ya rasu a 1036 (1627), Allah Ya jiƙansa da rahama.

Shi ne kuma ya bar wa duniya sifar malaminsa, Shehu Muhammadu Bagayogo, wanda ya ce yakan ba ɗalibi aron littafi mai tsada ko da bai san daga inda ɗalibin ya fito ba, kuma ba ya bin sawun a dawo masa da shi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan sifa, domin a wajen waɗannan magabata tsare littafi da bayar da shi ga mai karantawa aiki ɗaya ne.

Bayan faɗuwar Songai ne malaman garin suka zauna rubuta tarihinsa, kamar waɗanda suka ga abu yana shirin kuɓucewa. Assa'adi ya kai labarinsa har wajen 1655. Littafin ya yaɗu ta hannun masu kwafa har ya iso ƙasar Hausa, kuma a Gwandu ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya fara ganinsa a 1853, ya kwafi wasu sassa, ko da yake ya zaci na Ahmad Baba ne. Da ya isa Tambutu a wannan shekarar, Shehu Ahmad Albakka'i na gidan Kuntawa, shugaban Ƙadiriyya a yankin, shi ya ba shi mafaka ya hana a taɓa shi.

Zamanin ɓoyewa

A 1890 sojojin Faransa suka ci Segu, suka kwashe taskar littattafan gidan Shehu Umarul Futi suka kai birnin Faris. Da suka mamaye Tambutu a 1894, gidajen malamai sun riga sun ji labari. Daga nan aka shiga ɓoye littattafai: wasu a adaka a ƙuryar ɗaki, wasu a rami, wasu aka yi gini aka rufe su, wasu aka kai ƙauyuka da tantunan hamada. Ɓoyewar ta tsirar da su daga hannun baƙo, amma ta miƙa da yawa ga gara da ruwan sama da ƙura. Makarantar boko ta Faransanci kuma ta haifar da jikoki waɗanda suka gaji akwatin ba su gaji karatun abin da ke ciki ba.

A cikin wannan duhun akwai mutum guda da ya cancanci a ambace shi da alheri, shi ne Ahmad Bul'araf, ɗan kasuwa daga kudancin Maroko wanda ya zauna Tambutu a farkon ƙarni na 20 har ya rasu a 1955. Ya ɗauki marubuta yana biyansu suna kwafe masa duk littafin da ya ji labarinsa, yana aika wasiƙu garuruwa yana neman aro ko saye, sa'an nan ya wallafa Izalatur Raibi, inda ya tattara sunayen malaman yankin da abin da suka rubuta. Babu gwamnati a bayansa, babu hukuma. Daga baya taskarsa ta zama ɗaya daga cikin harsasan da aka ɗora cibiyar gwamnati a kai.

Cibiyar Ahmad Baba da taskokin gidaje

Bayan Mali ta sami 'yancin kai a 1960, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taron masana a Tambutu a 1967, aka ba da shawarar kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen hannu. Cibiyar ta fara aiki a 1973 da sunan Ahmad Baba, ƙasar Kuwait ta taimaka da kuɗin gini, Dokta Mahmud Zubair ya shugabance ta. Wahalar da aka fara cin karo da ita ita ce mutane sun ƙi fito da abin da ke hannunsu, domin a idonsu ma'aikacin gwamnati magajin Bafaranshe ne. Abin da ya buɗe ƙofofin shi ne da aka ɗauki 'ya'yan gidajen malamai aikin nema. Malam Mamma Haidara na cikin na farko, bayan rasuwarsa kuma ɗansa Abdulƙadir Haidara ya karɓi aikin a 1984, ya yi shekaru yana yawo a kan raƙumi da cikin kwale-kwale, yana sauka gidan mutum a matsayin baƙo, a ci a sha, sai bayan an saba sa'an nan a kawo maganar littafi. Wani ya karɓi kuɗi, wani kuwa ya fi son a ba shi dabbobi. Tsakanin 1995 da 1998 gidauniyar Alfurƙan da ke Landan ta buga fihirisar littattafai 9,000 na cibiyar a cikin mujalladi biyar.

Sai dai gidaje da yawa ba su yarda su sayar ba, kuma suna da hujja, domin wasu taskokin wasiyya ce aka bari kada a raba su. Daga nan aka samo wata hanya: littafi ya zauna a hannun masu shi, a taimaka musu da gini da kwalaye da horo, su kuma su buɗe wa masu bincike. A 1996 gidajen suka kafa ƙungiyarsu mai suna SAVAMA. A 2000 aka buɗe ɗakin karatu na Mamma Haidara, sa'an nan na gidan Kati, da na Wangarawa zuriyar Shehu Bagayogo, da wasu da dama. Shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya ziyarci garin a 2001, abin da ya gani ya sa ƙasarsa ta horar da ma'aikata ta kuma gina wa cibiyar sabon mazauni kusa da Sankore, aka buɗe shi a watan Janairu na 2009.

Jaridun Turai sun fi son ambaton littattafan taurari da lissafi da magani, kuma lalle akwai su. Amma mafi yawan abin da ke cikin akwatunan shi ne Alƙur'ani mai girma, da fiƙihu, da nahawu, da Dala'ilul Hairati, da waƙoƙin yabon Manzo, da fatawoyi, da wasiƙun fatake, da takardun gado da na cinikin gida. Akwai ajami na Fulatanci da Songai da Tamashek, akwai kuma kwafe-kwafen littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wannan bai rage musu daraja ba ko kaɗan. Takardar bashi ɗaya, ko 'yar hashiyar da wani malami ya rubuta a gefen shafi cewa a shekara kaza an yi fari ko annoba, takan ba mai tarihi abin da babban littafi bai ba shi ba.

Magina

Gefe na biyu na gadon shi ne ginin ƙasa, kuma shi ba a sa shi a akwati. A 1988 UNESCO ta sanya masallatan uku da ƙubbobi 16 na waliyyai cikin jerin kayan tarihin duniya, daga 1990 zuwa 2005 kuma suna cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda rairayin da ke binne su. Abin da ya riƙe su ɗaruruwan shekaru shi ne yaɓen da ake yi musu a kai a kai. Liman ya yi shela, masu hali su kawo laka da itace, ranar aiki gari ya fito, matasa suna miƙa ƙasa, magina suna bisa itatuwan da ke tsattsaye a jikin hasumiya, waɗanda baƙo ke zaton ado ne alhali matakala ce. Maginan ƙungiya ce ta gado mai shugabanta, kowane masallaci da gidan maginan da ke kula da shi, kowace ƙubba da zuriyar da ke riƙe da ita. Ƙubbobin kansu ƙananan ɗakuna ne marasa ado, suna kewaye da garin a cikin maƙabartu, shi ya sa mutanen Tambutu ke kiran garinsu birnin waliyyai 333.

Shekarar 2012

A farkon watan Afrilu na 2012 'yan tawaye suka kama garin, ba da jimawa ba iko ya koma hannun ƙungiyar Ansaruddin da abokanta na Alƙa'ida. A watan Mayu suka fara taɓa ƙubbar Sidi Mahmudu ɗan Umaru Aƙit, alƙalin da ya rasu a 955 Hijiriyya. Ranar 28 ga Yuni UNESCO ta mayar da garin jerin masu haɗari, ranar 30 ga wata kuwa suka fito da diga da gatari suka rushe ƙubbar Sidi Mahmudu da ta Alfa Moya da ta Sidi Mukhtar Bakunte, jikan Shehu Mukhtar Alkabir. Ranar 2 ga Yuli suka ɓalle wata ƙofa ta masallacin Sidi Yahaya wadda mutanen gari suka gaji barinta a rufe. Kafin su bar garin sun rushe 14 daga cikin ƙubbobi 16. Mutane suna tsaye suna kallo suna hawaye, babu mai ikon ɗaga hannu.

Masu littattafai ba su jira a zo kansu ba. Da dare aka riƙa kwashe taskoki ana zubawa a adakar ƙarfe ana rarrabawa gidajen amintattu, wato dabarar kakanni ta zamanin Faransa. Daga baya aka shiga fitar da su kaɗan-kaɗan zuwa Bamako, a motocin haya ta hanyar Duwanza da Mofti, da hanya ta rufe kuma aka koma ta kogi. Ma'aikatan cibiyar Ahmad Baba sun fitar da sama da 20,000 daga tsohon gininsu. Ƙungiyar SAVAMA ta ce abin da ta fitar ya haura 350,000, ko da yake wasu masu bincike sun yi jayayya da wannan adadi, domin a ƙidayar akan lissafa warƙa ɗaya a matsayin littafi kamar yadda ake lissafa mujalladi. Ko yaya lissafin yake, direbobi da matuƙa jirgi da samarin da suka raka kayan sun sa ransu ne a kan shingayen 'yan bindiga. A ƙarshen Janairu na 2013, da sojojin Faransa da na Mali suka gabato, mayaƙan suka cinna wa abin da suka samu a sabon ginin cibiyar wuta, aka rasa 4,203. Wasu kimanin 10,000 da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wannan ginin ba su kai gare su ba.

Sake gini

Da ƙura ta lafa aka tsaya a kan tambayar yadda za a mayar da ƙubbobin, tun da yawancinsu babu zanen gininsu a takarda. An tattara tsofaffin hotuna, an tone harsasai an auna, amma abin da ya cike giɓin shi ne abin da ke kan dattawan magina, waɗanda suka san kaurin kowane bango da irin dutsen da inda ake haƙo ƙasar, domin hannuwansu ne suka yi ta gyara su. Da kuɗin ƙasashen waje da kulawar UNESCO aka fara aiki a watan Maris na 2014, aka gama a Yuli na 2015, kuma samari da yawa a wannan aikin suka koyi sana'ar. Ranar 4 ga Fabrairu 2016 aka taru a Jingarebar, aka sauke Alƙur'ani, aka yi yanka, aka miƙa mabuɗan ƙubbobin ga zuriyoyin da ke riƙe da su. A watan Satumba na wannan shekarar aka mayar da ƙofar Sidi Yahaya bayan masassaƙan garin sun gyara ta.

A wannan watan ne kuma, ranar 27, kotun duniya mai hukunta manyan laifuffuka da ke birnin Heg ta yanke wa Ahmad Alfaƙi Almahdi, wanda ya jagoranci rushewar, ɗaurin shekara 9, bayan ya amsa laifinsa ya nemi gafarar mutanen Tambutu. Shi ne karo na farko da kotun ta hukunta mutum a kan rushe wuraren tarihi da ibada kaɗai. Abin baƙin ciki a cikin lamarin shi ne mutumin ɗan yankin ne, mai karatu, wanda ya san darajar waɗanda ke kwance a wurin. A 2017 kotun ta ƙiyasta diyyar da Yuro miliyan 2.7.

Littattafan da aka kai Bamako kuwa sun tsira daga wuta sun faɗa wata barazanar, domin takardar da ta saba da busasshiyar iskar hamada ba ta jure laimar damina ta kudu. Sai da aka nemo na'urorin tsotse danshi, aka ɗinka wa kowane littafi kwalinsa, aka zauna ɗaukar hoton shafi bayan shafi ana adanawa a kwamfuta, tare da taimakon wani ɗakin karatu na Amurka mai suna Hill. A 2022 kamfanin Google ya sanya shafuka sama da 40,000 a intanet. Aiki ne mai kyau, sai dai na'ura hoto take ɗauka, ba ta san marubuci ba, ba ta gane inda warƙa ta ɓace ko ta shiga wani littafin ba. Wannan sai wanda ya durƙusa gaban malami ya iya rubutun Magribi da na Sudani, kuma irin waɗannan su ne suka fi ƙaranci a cikin dukan aikin, shi ya sa abin da aka ɗauki hotonsa ya ninka abin da aka karanta aka tantance nesa ba kusa ba.

Tsaro bai gama daidaita a yankin ba, har a 2023 mayaƙa sun toshe hanyoyin shiga garin na tsawon watanni. Duk da haka mutanen Tambutu ba su daina neman a dawo musu da kayansu ba. A watan Agusta na 2025 gwamnatin Mali ta fara mayar da littattafan cibiyar Ahmad Baba, aka ɗauko kashin farko, akwatuna sama da 200, a jirgin sama daga Bamako, aka sauke su a garin da aka fitar da su cikin dare shekara 13 kafin nan.